Ranar da masu bashina suka zo jaje

Littafin bashin shagona da ke kasuwar Wunti a nan Bauchi ba na takarda ba ne. Yana cikin wata tsohuwar kwamfuta ƙirar HP wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take numfashi. Daren Talata ta ce tana sabunta Windows, kada in kashe ta. Ni dai ban kashe ba, masu wuta ne suka ɗauke abinsu.

Da safe na kunna, ta nuna tambarin HP, ɗigogi suka yi ta zagaye, allo ya koma shuɗi, ta sake farawa. Haka ta dinga yi kamar akuya a turke. Na hura mata iska, na ɗan doddoki gefenta yadda muke yi wa tsohuwar rediyo, ko gezau.

Babban kuskurena shi ne faɗa wa yaron shagona. Kafin azahar labari ya game layi. Sai ga wani maƙwabcina da nake bi kuɗin buhun shinkafa biyu tun kafin azumi.

"Alhaji, ashe haka abu ya faru? Allah ya mayar da alheri. Wato duka ya tafi ke nan?"

Baki na jaje, ido na sallah.

Mai gyaran da na fara kai wa ko kallon kirki bai yi mata ba ya ce fomat za a yi, wato a goge komai a sake ɗora mata Windows. Na ce to kayan ciki fa? Ya ce, "Ai fes za ta dawo." Na rungumi abata na fito, don wannan fes ɗin shi ne addu'ar maƙwabcina.

Ƙanen matata da ke karatu a Yelwa ne ya cece ni. Ya kunna ta, ya kara kunne a jikinta kamar likita, wai yana sauraron ko had-dis ɗin, wato ma'ajiyar bayanan kwamfutar, na yin ƙas-ƙas, domin in yana wannan ƙarar, kowane kunnawa ƙara kashe shi yake yi. Shiru.

"Yaya, ƙofar ɗaki ce ta maƙale, kayan na nan ciki. Ta taga za mu shiga."

Ya kwance ƴan kusoshin bayanta, ya zaro had-dis ɗin, wani abu da bai wuce tafin hannu ba, ya sa shi cikin ƙaramin gida mai wayar USB, ya jona a kwamfutarsa. Sai ga shi ya fito tamkar filashi. Ya gargaɗe ni cewa in Windows ta tambaya ko a yi fomat, a ce mata a'a, ko da za ta yi kuka. Ya shiga Users, ya shiga Documents, sai ga fayil ɗin Excel ɗina zaune lafiya lau, har da bashin maggi na naira 500. Sai da ya kwafe komai wuri biyu kafin ya taɓa gyaran Windows.

Washegari na buga lissafin a takarda, na nufi shagon maƙwabcin nan. Ya karanta sunansa, ya ga buhu biyu da kwanan wata, ya yi shiru, sannan ya ɗago.

"Alhaji, wai wane ɗan albarkan ne ya gyara ta?"

Na ce surukina ne.

Tun daga ranar, ko sallama ƙanen matar tawa ya yi wa maƙwabcin nan, a ciki yake amsawa.