In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari

'Yan uwana samari, da ku nake yau, musamman waɗanda suka kama ɗakin haya kwanan nan, da angwayen da aka kai wa amare bana, da ɗaliban da ke kwana shida-shida a ɗaki ɗaya. Akwai wata ɗabi'a da muka taso muka tarar, muka rungume ta ba mu tambayi inda ta fito ba. Da zarar mutum ya ji ƙwas-ƙwas a bayan buhu cikin dare, ko ya haska fitila ya ga kyankyasai sun watse, gari na wayewa sai wurin mai tallan magani a bakin kasuwa. A ƙulla masa shinkafar ɓera a leda, a tsiyaya masa fiya-fiya a kwalbar da ko rubutu babu a jikinta, ya dawo gida yana ganin ya gama. Alhali tsintsiya na jingine a bayan ƙofa, kwanukan jiya na jibge a tsakar gida, ramin da ke gindin bango yana nan yadda yake tun bara.

Ni ma na yi, shi ya sa nake da bakin magana. Lokacin ina gwauro a wani gidan haya, ɓeraye suka sa ni gaba. Na sayo guba na barbaɗa a kan guntun ƙosai, na ajiye a lungu. Kwana uku tsakani sai wari ya tashi. Ashe gogan ya ci ya haye silin ya mutu a can, inda hannu ba ya kaiwa. Mako biyu ina kwana a dakalin ƙofar gida. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne kazar makwabciyata ta tsinci ragowar ƙosan da na share na watsar, ta bi shi. Da na je ba da haƙuri, tsohuwar ba ta yi mini faɗan kaza ba. Leƙa ɗakina ta yi, ta ga buhun garin kwaki a buɗe a ƙasa, ga tukunyar taliya ba murfi, ta ce, "Ɗan nan, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kai ka kira su walima, kuma kana fushi sun amsa gayyata?" Ban sami abin cewa ba. Bayan wata ɗaya kuwa wasu ɓerayen suka maye gurbin na farko, don abin da ya kawo su bai gusa ba.

Kada ku ɗauki maganar ɓera a matsayin ta ɗan tsakuren hatsi da yagaggen littafi kawai. A shekarar 1969 aka fara gano wata cuta a garin Lassa da ke jihar Borno, aka sa mata sunan garin. Mai ɗauke da ita wani ɓera ne mai nonuwa da yawa, wanda ke zirga-zirga tsakanin gona da gida. Shi cutar ba ta kayar da shi, amma tana fita a fitsarinsa da kashinsa. Ya hau kan shanyar masara ko garin rogo ya yi fitsari, rana ta busar, kai ka zo ka kwashe ba ka ga komai ba. Cutar na iya kwana har 21 a jiki kafin ta bayyana, kuma farkonta sak zazzaɓin cizon sauro ko taifot, shi ya sa mutane ke ɓata kwanaki a kemis suna canza magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum huɗu cikin biyar da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma na biyar ɗin yakan sha wuya, cikin waɗanda suka tashi ma akwai masu rasa jinsu. Ga mai tsohon ciki kuwa abin ya fi muni, da wuya ɗan ya tsira. Duk rani, daga wajajen Disamba zuwa Afrilu, sai kun ji hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa na lissafo jihohin da cutar ta ɓulla, Bauchi da Taraba ba sa fita daga sahun gaba. Lokacin ne aka gama girbi, aka cinna wa daji wuta, ɓeraye suka rasa wurin zama suka yo cikin gari. Ƙannenmu da ke bin wutar da sanduna suna farautar ɓera da gafiya, su feɗe da hannu, ku ne za ku tsawata musu.

Addininmu bai bar wannan ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a rufe kwanuka, a ɗaure bakin salka, a kulle ƙofofi, a kashe fitila in za a kwanta, ya kira ɓera ɗan ƙaramin fasiƙi da kan ja lagwani ya ƙone mutanen gida. Ku lura da jerin: rufewa, ɗaurewa, kullewa. A yau lagwani ya yi ƙaranci, amma haƙoran ɓera ba sa daina tsiro, dole ya yi ta gurgurar abu, kuma wayar lantarki da ke cikin silin na cikin abin da yake samu.

To aikin ba wani mai tsada ba ne. Hatsi da gari su bar buhun da ke yashe a ƙasa su koma cikin duro ko bokiti mai murfi. In dole sai buhu, a ɗora shi a kan katako, a janye shi daga jikin bango yadda mage za ta iya zagayawa. Kada kwanon da aka ci abinci ya kwana ba a wanke ba, kuma ango, wannan ba aikin amarya ba ne ita kaɗai, in ta gaji hannunka bai karye ba. Sannan ka durƙusa ka duba ɗakinka da idon ɓarawo: ƙarƙashin ƙofa, inda bututun ruwa ya ratsa bango, bakin magudana, inda kwano ya haɗu da gini. Ƙaramin ɓera na kutsawa ta ramin da ɗan yatsanka zai shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsumma da kwali ba sa toshe rami, cinye su zai yi. Siminti za ka kwaɓa, ka haɗa da fasasshiyar kwalba ko ragar ƙarfe. Bayan wannan ne tarko ke da amfani, a ɗana shi a jikin bango, don ɓera ba ya son ratsa fili. In ya kama, ka sa leda a hannu ka ɗauka ka binne, ba a wurga shi kan titi ba. Kashinsa kuma kada ka share shi a bushe ƙura ta tashi ka shaƙa, ka fara yayyafa ruwan bilic tukuna.

Yanzu ga inda na fi son mu tsaya, wato gubar kanta. Da yawa cikin abin da muke fesawa a ɗakin kwana ba don ɗaki aka yi shi ba, na gona ne. Sniper da kuke gani, sinadarin cikinsa sunansa dichlorvos, kuma shi ne yawanci ake sirkawa a sayar da sunan fiya-fiya. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a ƙananan kwalabe a shaguna da kasuwanni, saboda yadda ake ta amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba, amma ku da kanku kun san bai ɓace ba. Yana shiga jiki ta numfashi, yana shiga ta fata. Mutum ya fesa, ya rufe taga, ya shimfiɗa jariri, ya kwanta. Da safe a ce yaro na dalalar da yawu, yana amai, numfashi na sarƙewa, a fara zancen iska ko maita.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun hatsi, wadda 'yan kasuwa ke kira bom. Da ta sha danshin iska sai ta fara fitar da wata iska mai guba. An yi ta ne don sito da ke rufe ruf, nesa da inda mutane ke kwana, a hannun wanda ya san aikin. Amma sai ka ga mutum ya jibge buhunan wake a ɗakin da 'ya'yansa ke barci ya sa musu ita, ko ya ji an ce tana kashe kuɗin cizo ya tura ta ƙarƙashin katifa. Iskar na ratsa tsagar bango da silin ta shiga ɗakin makwabci. Har yau ba ta da makari, likita sai dai ya tallafa wa jiki ya jira ikon Allah. Wannan shi ne gudun gara a tarar da zago.

Kuma ba a rasa mafita ba. Ƙwaron wake numfashi yake yi kamar ni da kai. Hana shi iska, ya mutu. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suke cakuɗa iri da toka ko yashi su liƙe bakin tulu. Buhun PICS da masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka inganta, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, dabarar ke nan: a busar da wake sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane baki daban. Jarka mai tsabta da murfinta ke kamawa gam ma tana yi, in an cika ta har wuya. Ku da kuka fara harkar saye da ajiya, ku tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Najeriya saboda yawan wannan sinadari na dichlorvos da ta samu a ciki. Waken da Bature ya ce ba zai ci ba, wa kuke jin ya cinye shi? Mu ne, a ƙosai da alale da garau-garau. Wanda ya yayyafa guba a abinci ya kai kasuwa don kada ya yi asarar mudu biyu, ya shirya amsar da zai bayar gobe.

Kuɗin cizo kuwa, a daina jin kunyar faɗa. Ba ƙazanta kaɗai ke kawo shi ba. Yana biyo akwatin ɗan makarantar kwana, da kujerar da aka sayo ta hannu, da kayan gwanjo, da kujerar motar haya. Ɓoyewar da ake yi ce ke sa ya cika gida. Yana iya yin watanni bai sha jini ba, don haka rufe ɗaki ka tafi hutu ba ya kashe shi, kuma ya saba da yawancin magungunan feshi. Abin da bai iya jurewa shi ne zafi, mu kuwa Allah ya hore mana shi kyauta. A kwance gado, a kwarara tafasasshen ruwa a duk mahaɗar katako. Zannuwa da labule a jiƙa su a ruwan zafi, a goge da dutsen guga. Katifa a bi ɗinkin gefenta da buroshi, a naɗe ta a baƙar leda, a shanya ta a ranar Afrilu tun hantsi har la'asar, ana juyawa. A liƙe tsagar bango. Sannan a maimaita bayan kwana goma, don ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe a lokacin. Mafi yawanmu a nan muke faɗuwa: mu yi sau ɗaya, mu ce abin ya gagara.

Kyankyaso ba shi da dogon bayani. Ruwa da ɓurɓushin abinci da duhu yake nema. Gyara famfon da ke ɗiga, yi wa bakin masai murfi, fitar da shara kullum, rabu da tarin kwalayen da kake cewa za su yi amfani wata rana.

Sauro ne muka raina don mun saba da shi, alhali wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Ku tambayi kakanninku labarin duba-gari, ma'aikatan da kan shiga gida-gida su leƙa randa, in suka ga 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil a ci tarar mai gida. Mutane sun ƙi jininsu, amma sun san abin da suke nema. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi mako ɗaya zuwa biyu ba, kuma ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya, ko gwangwani, ko kaskon kaji, ko ramin da aka haƙa aka yi bulo, ya ishe shi. Ranar Juma'a ko Asabar ka zagaya gidanka sau ɗaya, ka kifar da abin kifarwa, ka wanke randa, ka cike kududdufin ƙofar gida da ƙasa. Gidan sauron da aka raba kyauta kuma na kwana ne. Na ga an kewaye lambu da shi, na ga an yi ragar gola, na ga an rufe 'yan tsaki, mai gidan kuma yana kashe kuɗi a kan allurai duk damina.

Sai dai ɓera bai san katanga ba, sauro ma haka. Ka gyara naka, in kwatar layinku a toshe take, bola na bayan gida, aikinka rabi ne. Mu da muke iya zama a majalisa daga isha'i har sha biyun dare muna musu a kan ƙwallon Ingila, ba za mu rasa awa biyu a Asabar ɗin ƙarshen wata ba, mu ɗauki shebur da baro mu yashe kwata, kuma mu kwashe abin da muka yaso, ba mu tara shi a gefe ruwan farko ya mayar da shi ba.

In kuma ya zama dole sai an sa magani, a sayi mai rajista da rubutu a jikinsa, a karanta, a fitar da yara da abinci, a bar taga a buɗe kafin a dawo. Kada a taɓa juye shi a robar lemo ko ta ruwa. Yaro ɗan shekara biyu bai san bambanci ba, kuma ƙarƙashin gado ba maɓoya ba ce a wurinsa. Idan tsautsayi ya faɗa wani ya sha, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, abin na iya komawa huhu. A cire masa kayan da maganin ya zuba, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a nufi asibiti nan take, kuma a tafi da kwalbar ko ledar, don likita ya ga abin da aka sha.