Motata mai fito

Bara da riɗi ya yi kuɗi, na haɗa da 'yar ajiyata na sayi mota 'yar Beljiyam. A ƙauyenmu, can gefen Gumel, ni ne na uku da ya yi mota, kuma na farko mai tobo, abin nan da ke ƙara wa injin mota ƙarfi. Dillalin ya daki bonet ya ce, "Alhaji, wannan in ka taka ta sai ka dafe hularka." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba.

Wata huɗu muna zaman lafiya. Da hunturu ya kankama sai ta fara wani siririn fito in na taka totur, fiiiii, kamar jiniyar gwamna daga nesa. Daɗi ya kashe ni. Duk wanda na rage wa hanya sai na ce masa, "Ka ji ko? Tobo ke nan." Har da gangan nake taka ta a ƙofar gidan surukaina. Uwargida ce kaɗai ta ce, "Malam, anya kukan lafiya ne wannan?" Na tambaye ta motoci nawa ta taɓa tuƙawa.

Sai ga shuɗin hayaƙi ta salansa, ga shan baƙin mai kamar kunun buɗa baki. Wata safiya, ban yi nisa da gari ba, na take totur har ƙasa, motar na ihu amma ba ta tafiya, har wani tsoho a kan keke ya wuce ni yana yi min sannu. Tsoro ya kama ni, na kashe ta. Ƙanena ne ya zo da shanun huɗata biyu muka ɗaura mata igiya. Haka muka shiga gari, shanu a gaba, ni a kan sitiyari, yara a baya. Ta ƙofar gidan surukan nawa hanyar ta bi.

Bakanike a Gumel ya kwance tobon ya ɗora min a hannu, wani ƙarfe mai siffar katantanwa. Ya ce hayaƙin injin ne ke juya wata 'yar farfela a ciki, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke kan sanda ɗaya, wadda ke cusa wa injin iska. Tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma a kan baƙin mai sandar ke shawagi.

"Alhaji, yaushe rabonka da juye?"

"Juye kuma? Ai ƙari nake yi."

"Da wane mai?"

Na ce na bakin titi, wanda ake aunawa a gora. Bai ce uffan ba. Ya ciro matatar iska ya buga ta da ƙasa, yashin da ya zubo ya isa a shuka gero. Ya sa yatsa ya taɓa farfelar, tana lilo, bakinta duk giɓi kamar haƙoran kakata. Wato fiton da na yi makonni ina tallatawa, nishin ajali ne.

Nan na tuna akwai wani littafi a aljihun mota mai ɗauke da hatimi, na san garanti ne. Na kai wa ɗan yayana malamin firamare. Ya juya shi sama da ƙasa ya ce, "Baffa, wannan Jamusanci ne." Ya haska shi da waya ta fassara: garantin shekara 2 ne, ya ƙare tun kafin a haifi autata, wadda yanzu take aji huɗu. Na kira dillali. Ya yi min jaje sosai, sannan ya ce, "Alhaji, ai garantinmu daga nan zuwa bakin get ne."

A kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa da ke Kano, da aka faɗa min kuɗin sabon tobo sai da na nemi benci. Na gangaro kan ɗan Beljiyam, shi ma bai san talaka ba. Ranar Alhamis na kora ɗaya daga cikin shanun nan kasuwar Maigatari. Wanda ya fi jan motar da gaskiya, shi ya tafi.

Bakanike ya kafa min doka: juye a kan lokaci, mai na ƙwarai, kuma in na sha doguwar tafiya kada na kashe injin nan take, na bar shi yana aiki minti ɗaya ko biyu har tobo ya huce. Shi ya sa yanzu in na dawo sai na zauna shiru a mota, kai a sunkuye, ina kasa kunne ko zan ji fito. Makon jiya liman ya tare ni bayan Magariba, ya riƙe hannuna ya ce ya lura ba na sauka daga mota sai na yi addu'a, kuma zai ja hankalin matasa su yi koyi da ni.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai jarrabawa ce ta koya min."