Shin Allah Yana Sauya Shawara? Nasiha Ga Ƙannena Matasan Jos Game Da Tuba

Wani dare cikin hunturun da ya wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a majalisarmu a Gangare kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, sai wani ƙanena ɗalibin jami'a ya jefo mini tambaya. Ya ce, "Yaya, idan an riga an rubuta ɗan wuta da ɗan Aljanna, me tuba zai ƙara mini? Ko kuwa in na tuba Allah zai sauya shawara ne a kaina?" Na daɗe da sanin yaron, na kuma san akwai abin da ke cin ransa wanda ya kasa faɗa. Tun daga daren na ga ya wajaba in rubuta muku wannan, domin tambayar tana cikin zukatan da yawa daga cikinku.

Mu fara da dalilin da ke sa ɗan Adam ya sauya shawara. Ɗan kasuwa a Katako yana tsayar da farashi da safe, da rana labari ya zo masa cewa kaya sun yi tsada a inda yake sarowa, sai ya janye maganarsa. Ya sauya ne saboda ya san abin da bai sani ba ɗazu, ko ya gane ya yi kuskure, ko wani ya fi ƙarfinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace da Allah Maɗaukakin Sarki, shi ya sa malaman Ahlus Sunna suka kore masa abin da ake kira bada'i, wato wani abu ya bayyana gare shi bayan ya kasance a ɓoye. Ya tabbata a hadisin Muslim cewa an rubuta ƙaddarorin halitta shekara 50,000 kafin halittar sammai da ƙasa. Ko a daren Mi'iraji, da aka farlanta salla 50, Manzon Allah (SAW) ya yi ta komawa neman sassauci bisa shawarar Annabi Musa har ta dawo 5, abin da aka faɗa masa a ƙarshe shi ne biyar ce kuma hamsin ce, ba a sauya magana a wurin Ubangiji. Biyar ɗin sananniya ce a wurinsa tun farko, kuma kai-kawon da Annabi ya yi yana cikin abin da aka ƙaddara domin mu ga girman rahamar.

To, ina za mu kai aya ta 39 a Suratur Ra'ad, inda Allah ya ce yana shafe abin da ya so, yana tabbatar da abin da ya so, kuma asalin littafi yana wurinsa? Malamai da yawa sun yi bayani cewa shafewa da tabbatarwa suna faruwa ne a takardun da ke hannun mala'iku, amma abin da ke Lauhul Mahfuz ba ya motsi. A nan ne ake fahimtar hadisin da ya ce mai son a yalwata masa arziki a kuma jinkirta masa ajali ya sada zumuncinsa. Mutanen Annabi Yunusa a Ninawa, kusa da Mosul ta ƙasar Iraƙi a yau, sun kai dubu ɗari ko fiye, an yi musu gargaɗin azaba, suka yi imani, aka yaye musu ita kamar yadda ya zo a aya ta 98 ta Suratu Yunus. Maƙwabtanmu Kiristoci ma sun san wannan labari a littafinsu. Gargaɗin ya zo ne domin a ji tsoro a dawo, kuma Allah ya san za su dawo tun kafin ya halicce su. Mutanen ne suka tashi daga halin da ke jawo azaba suka koma halin da ke jawo rahama, alhali hukuncin kowane hali yana nan yadda yake.

Saboda haka mai cewa an riga an rubuta, yana fakewa ne da littafin da bai taɓa karantawa ba. Babu wanda ke kwanciya a ɗaki ya ce in an rubuta zai ci abinci to zai zo, kullum kuna sammako cikin sanyin garin nan zuwa Terminus da Farin Gada neman halal. Sahabbai sun yi wa Annabi irin tambayar ƙanen nawa, ya ce musu su yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa. Da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa yana gudun ƙaddarar Allah ne, ya amsa cewa suna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Labarin da na fi so ku riƙe shi ne na mutum uku da suka ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira ba tare da uzuri ba: Ka'abu ɗan Malik, da Murara ɗan Rabi'u, da Hilal ɗan Umayya. Munafukai sun zo sun rantse da ƙarya aka ƙyale su, su kuwa suka faɗi gaskiya, sai aka hana kowa yi musu magana har kwana 50. Ka'abu yana yawo a kasuwar Madina babu mai amsa masa sallama. Ana cikin haka wasiƙa ta zo masa daga sarkin Gassan yana kiransa ya koma can a girmama shi, ya jefa ta cikin tanderu. Bayan kwana 40 aka umarce su su nisanci matansu. Da sauƙi ya zo, aya ta 118 a Suratut Tauba ta ce ƙasa ta yi musu ƙunci duk da faɗinta, sannan Allah ya juyo gare su da rahama domin su tuba. Ku lura da jerin maganar, juyowar Ubangiji ce ta riga tasu. Ƙanena, wannan ƙuncin da kake ji idan ka kwanta bayan ka aikata abin da ka sani bai dace ba, kyauta ce aka yi maka, kuma mutane da yawa sun rasa ta har zunubi ya zame musu kamar shan ruwa.

Sharuɗɗan tuba sanannu ne tun muna Islamiyya: ka bar laifin nan take, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba. Mai istigfari da baki alhali ƙwaya tana aljihunsa, ko lambar mai sayar masa da ita tana wayarsa, tuban muzuru yake yi, kaza a baki. Wanda kuwa ya tuba da gaske, sannan rauni ya kayar da shi, ya sake tuba kada ya yanke ƙauna, domin aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana haka. Abin da nake ji muku tsoro shi ne "sai na yi aure" da "sai azumi ya zo". Ana karɓar tuban bawa matuƙar bai kai gargara ba, kuma Fir'auna ya furta imani a lokacin da ruwa ya ci shi, aka mayar masa da shi. Mu da muka ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 a garin nan mun san samari da yawa da suka fita da safe da lissafin gobe, ba su dawo ba.

Sharaɗi na huɗu shi ne wanda muka fi tsallakewa, wato haƙƙin mutane. Wanda ya ƙwace waya a Rikkos, ko ya sari wani a lokacin da yake bin 'yan sara-suka, ko ya ci bashi ya daina ɗaga kira, ko ya ɓata sunan 'yar mutane a Facebook, kukan sujada kaɗai ba ya sauke masa nauyin. Annabi ya kira matsiyacin al'ummarsa da wanda zai zo ranar kiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wani, a yi ta kwasar ladansa ana biya har ya ƙare, sannan a ɗora masa zunubansu. Haƙƙin maƙwabcin da ba Musulmi ba shi ma haƙƙi ne, babu rangwame a cikinsa. Idan kunya ko tsoron fitina ya hana ka zuwa da kanka, ka aiki liman ko wani dattijo mai riƙon sirri, ko ka tura kuɗin ta asusun banki. Idan mai haƙƙin ya rasu, magadansa za ka nema. Idan ka bincika iyakar ƙoƙarinka ba ka same shi ba, ka yi sadaka da kimar abin a madadinsa, da niyyar cewa duk ranar da ya bayyana za ka sanar da shi, ya zaɓi ladan sadakar ko ka biya shi dukiyarsa.