Ku bar yaran nan su yi aikinsu dan Allah

Na ga rubutun da wani bawan Allah ya yi a kan baje kolin zanen da yaranmu na Katsina suka shirya ranar Asabar, na kuma ga masu tafa mashi a ƙasan rubutun, kuma wallahi raina ya ɓaci sosai. Wai yaran da suka yi ta ɗaukar kujeru da jan wayar wuta da tsayuwa bakin ƙofa ba a biya su ko sisi ba marasa aikin yi ne, wai an mayar da su 'yan dako da sunan fasaha. Haba malam. Kai da ka shigo wajen kyauta, ka zauna kan kujerar da ɗaya daga cikinsu ya ɗauko a kansa, ka kalli zane kyauta, da magariba ta yi aka haska gajerun finafinai ka kalla kyauta, sannan ka koma gida ka buɗe waya ka zage su?

Abin da nake son mutane su gane ke nan. Akwai wanda ya ci kyauta, akwai wanda ya bayar kyauta, kuma wanda ya ci ba shi da bakin yi ma wanda ya bayar dariya.

Kun san yadda aka yi taron ya yiwu? Babu gwamnati a ciki, babu wani ɗan siyasa da hotonsa a fosta. Ɗalibai ne, wasu daga jami'ar Umaru Musa Yar'adua wasu daga foli, da wasu 'yan mata masu zane da suke saka aikinsu a Instagram ba mai saye, da samari masu ɗaukar bidiyon biki da suke mafarkin wata rana su yi fim na gaske. Wanga ya kawo janareto daga shagon yayansa, wancan ya aro majigi, karo-karo aka yi aka sai mai, wata ta kwana tana manna sunayen masu zane a ƙasan kowane aiki don kar a ce ba a san mai shi ba. Wannan shi ne abin da ake kira wahalar banza? A ƙauyukanmu har gobe ana yin gayya, a taru a nome gonar mutum ko a yi mashi yaɓen ɗaki a ci fura a watse, ban taɓa jin wanda ya ce ma masu gayya wawaye ba. Sai da aka zo kan zane da fim ne taimako ya zama abin kunya.

Kuma mutanen nan dai, su ne kullum bakinsu ba ya rabo da Kannywood ta mutu, 'yan fim ba su iya komai ba, labari ɗaya ake ta maimaitawa, soyayya da kishiya da rawa. To na ji. Amma dan Allah ka faɗa mani gaskiya tsakaninka da Allah, yaushe rabon ka fitar da kuɗinka ka biya fim ɗin Hausa? Ba kuɗin data ba, ba naira hamsin ko ɗarin da kake ba mai turi a bakin tasha ya cika maka memori ba, don wannan kuɗin ko kwabo ba ya isa hannun wanda ya yi fim ɗin. Ina nufin kuɗin da zai koma wajen furodusa ya biya mai kyamara da edita da yarinyar da ta wuni cikin rana tana maimaita fitowa ɗaya. Tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano sana'ar nan take tafiya da kuɗin 'yan kasuwa da guminsu, lokacin kaset da sidi a Ƙofar Wambai ake hada-hada, mutum ya zuba jari ya sayar ya mayar da kuɗinsa ya sake wani. Da waya ta zo da turi sai kasuwar ta rushe a idon kowa, kuma mu ne muka rushe ta, mu masu kallo, ba wasu aljanu ba. Yanzu kowa ya koma YouTube yana yin mai dogon zango, ana jiran kuɗin talla wanda kallon Najeriya ba ya kawo wani abin kirki idan ka gwada da kallon Amurka ko Ingila, shi ya sa za ka ga an katse maka labari a tsakiya ana tallan magani ko fili ko atamfa. Kana jin haushin tallar, na sani. Amma da ita ake biyan kuɗin abincin ma'aikata.

A cikin wanga hali ne wasu yara suka ce bari mu haska finafinan 'yan uwanmu a gaban mutane, mu kira masu su zo su tsaya a yi masu tambaya, mu ajiye kwali a bakin ƙofa wanda ya ga dama ya jefa abin da ya sawwaƙa a raba ma masu aikin. Shi ne laifinsu.

Na ga masu cewa ai ana ci da guminsu ne, wani na can yana karɓar kuɗi da sunansu. To kawo hujja. In akwai wanda ya karɓi tallafi ya danne, ni zan fara kiran sunansa a nan, don ban yarda a sa yaro aiki kyauta alhali akwai kuɗin biyansa ba, wannan zalunci ne kuma yana faruwa a masana'antar, yara nawa suka yi shekaru suna riƙe fitila a lokeshin ana ce masu ku yi haƙuri kuna koyo ne. Amma wannan taron ba shi ba ne, kowa ya san aljihun waɗanda suka shirya shi. Kar a fake da tausayin yara a zage su.

Masu cewa kuma muna fama da 'yan bindiga da tsadar masara wa ke ta zane, su ma na ji su. Babu ɗan Katsina da za a koya ma zafin abin da ke faruwa a Jibiya da Batsari da Faskari, kowa yana da wanda abin ya taɓa. Amma ku da kuka je kun ga abin da aka rataya a bangon nan? Akwai zanen wata mata da ƙullin kaya a kai da yara biyu a bayanta, na ga wani dattijo ya tsaya a gabansa ya daɗe bai motsa ba. Yaran nan ba a wata duniya suke zaune ba, abin da ke cin mu shi ke cin su, da fenti da kyamara suke faɗinsa don shi suka iya. Kuma saurayin da ya wuni yana jera kujeru ya fi mani wanda ya wuni a majalisa yana gulma sau dubu.

Batun masu cewa fim na ɓata tarbiyya kuwa ba zan ma tsaya dogon musu ba. In fim ɗin da ake yi bai yi maka ba, hanyar gyara ita ce ka tallafa ma mai yin wanda ya yi maka. A 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a Kano, aka yi ca a kai har aka janye. Ko kana goyon baya ko ba ka yi, tambayata ita ce me aka kawo a madadinta? Fim bai tsaya ba, ana nan ana yi, sai dai ana yin shi ba horo ba kayan aiki ba jari. Makarantar koyon fim ta ƙasa tana Jos, hukumar fim ta ƙasa ma can take, tun farkon 2024 Ali Nuhu ke shugabantarta, amma yaron Ƙofar Marusa ko na Daura da babansa ba shi da hali ta ina zai fara? A irin wannan ɗan taron yake fara taɓa kyamara, a nan yake haɗuwa da wanda zai nuna mashi yadda ake saita sauti. Kujerar da ya ɗauka ita ce kuɗin makarantarsa, kuma shi ya zaɓa, ba wanda ya tilasta shi.

Mu daina ganin kamar sai abu ya zo daga Legas ko Turai ne yake da daraja. A 1958 ɗalibai ne 'yan kaɗan a Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, suka haɗa ƙungiyarsu ta masu zane ba wanda ya biya su, yau duk mai maganar zanen zamani a Najeriya sai ya ambace su. A Arewa aka yi wannan, a nan kusa da mu. Ladi Kwali tukwane take ginawa, ga hotonta nan a bayan naira ashirin. Fim ɗin Shehu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 shekaru aka yi ba a ganinsa, sai da wasu masu son fim suka tono faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas aka gyara shi aka haska a Berlin a 2018. Fim ɗinmu, da harshenmu, Jamusawa suka zauna suka kalla, mu nawa ne a nan muka taɓa ganinsa? Masu irin wanga aikin na ba ko sisi su ne ke ceto mana abinmu, mu kuma muna gefe muna ce masu marasa aikin yi.

Don haka in ba za ka ɗauki kujera ba, ba za ka jefa ɗari biyu a kwali ba, ba za ka ko tura sanarwar a guruf ɗinku ba, to ka bar su. Ka ci kyauta, ka gode, ka tafi gida.

Af, wani abu ma da ya tsaya mani a rai, ɗaya daga cikin masu zanen ta ce tana neman tsofaffin magina masu yin ado a bangon zaure, irin dagin nan da zanen da ake yi da hannu tun ƙasa tana ɗanya, tana son ta ɗauki aikinsu a hoto ta zauna da su su nuna mata. Duk gidan da aka rushe a cikin gari yanzu bulo da tayil ake mayarwa, ko a unguwannin da ke kewayen hasumiyar Gobarau sai ka yi yawo kafin ka ga zaure ɗaya mai tsohon ado. An ce mani ta wajen Daura da Mani da Ingawa za a iya samun sauran masu yi. Duk wanda ya san wani dattijo da har yanzu hannunsa ke yi dan Allah ya yi mani magana ta inbos, ni zan biya kuɗin motarta.