Werner Kohlmeyer: wa ke rubuta ƙwallon da ba ta shiga ba?

Ranar 4 ga Yulin 1954, a filin Wankdorf da ke birnin Bern na Suwizalan, minti takwas kacal da take wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya, Hangari ta riga ta zura wa Jamus ta Yamma ƙwallo biyu. Ferenc Puskás ne ya ci ta farko. Ta biyun kuwa kyauta aka ba su. Ɗan bayan Jamus na gefen hagu, Werner Kohlmeyer, ya mayar wa mai tsaron gidansu Toni Turek ƙwallo, ba su fahimci juna ba, ta suɓuce daga hannun Turek, Zoltán Czibor ya tsinci dami a kala ya tura ta raga. Duk wanda ya san sunan Kohlmeyer a wajen Jamus, yawanci ta wannan minti ya san shi, kuma ina ganin an zalunce shi.

Sai an san da wa ake wasa kafin a gane nauyin wannan kuskure. Hangari ta yi shekara huɗu ba a doke ta ba. Ta je Wembley a 1953 ta ci Ingila 6-3, ta sake lallasa ta 7-1 a Budapest ana saura 'yan makonni a fara gasar. Mako biyu kafin wasan ƙarshe ta ci wannan Jamus ɗin 8-3 a Basel, Kohlmeyer yana cikin fili yana kallon ƙwallo na wuce shi. Shi kansa ya zo gasar da tabo, domin a watan Mayu ƙungiyarsa Kaiserslautern ta sha kashi 5-1 a hannun Hannover 96 a wasan ƙarshe na gasar Jamus, har shi ya ci gida. Jaridu sun yi ta sukar kocin Jamus Sepp Herberger kan nacewa da ya yi ga 'yan Kaiserslautern. Ga mutumin da ake cewa bai cancanci zuwa ba, ga shi ya ba da ƙwallo a minti na takwas, kuma a lokacin babu canjin ɗan wasa. Ko ya karaya ko bai karaya ba, sai ya ƙarasa sauran minti tamanin da biyu a cikin ruwan sama.

Abin da ya yi da waɗannan mintuna shi ne dalilin wannan rubutu. Max Morlock ya farke ɗaya a minti na 10, Helmut Rahn ya rama ta biyu a minti na 18. Da aka dawo daga hutun rabin lokaci sai Hangari ta yi wa Jamus zobe, hari kan hari. A cikin wannan matsi, Turek ya riga ya fita daga lissafi, Mihály Tóth ya buga, Kohlmeyer ya tare ƙwallo a kan layin raga, ta dawo, ya sake tarewa. Sándor Kocsis ya sa kai ta bugi ƙarfen sama. Da ɗaya daga cikin waɗannan ta shiga, ba na jin Jamus za ta sake tashi, kuma ƙwallon da Rahn ya ci a minti na 84, wadda kowane yaro a Jamus ya san labarinta, da ba ta zama ta lashe kofi ba. Faɗuwar gaba asarar namiji, in ji Bahaushe. Mutumin da ya fi kowa dalilin faɗuwar gaba a filin nan shi ne ya tsaya a inda ya kamata ya tsaya har sau biyu.

Amma je ka duba takardar sakamakon wasan. Sunaye huɗu za ka gani tare da mintuna: Puskás, Czibor, Morlock, Rahn sau biyu. Ƙwallon da ta shiga tana da mai ita, wadda aka hana shiga kuwa ba ta da gurbi a takarda. Mai sharhin rediyo Herbert Zimmermann ya kambama Turek a ranar har kirarin ya bi shi kabari, kyaftin ɗinsu Fritz Walter ya zama uban ƙwallon Jamus, an sa wa filin Kaiserslautern sunansa tun yana raye. Ban ce ba su cancanta ba. Sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka rabon ɗan baya yake tun wancan zamani, kuma har gobe a gidajen kallonmu ɗan baya zai yi minti tamanin da tara yana share hari ba wanda ya ambaci sunansa, ya zame sau ɗaya a yi mako ana zaginsa.

Wani zai ce ai share ƙwallo daga kan layi sa'a ce, ko kuma aikinsa ne da aka sa shi, don me za a yi masa kirari? Ban yarda da batun sa'a ba. A tsarin wancan lokaci 'yan baya uku ne kawai, ɗaya a tsakiya biyu a gefe, kowa da mutumin da zai riƙe. Kafin ɗan baya ya bar nasa mutum ya ruga bayan gola, sai ya karanta cewa golan ya riga ya tafi, ya kuma yanke shawara cikin ƙiftawar ido, yana sane da cewa idan ya yi kuskure mutumin da ya bari ne zai ci. Wanda ya riga ya ba da ƙwallo ɗaya, abin da zuciya ke raya masa shi ne ya manne wa nasa mutum don kada a sake ganin laifinsa. Kohlmeyer bai yi haka ba. Kuma Herberger ba don tausayi ya riƙe shi ba: mutumin ya buga wa Kaiserslautern daga 1941 zuwa 1957, ya ci gasar Jamus da ita a 1951 da 1953, ya kai wasan ƙarshe a 1948 da 1954 da 1955, ya buga wa ƙasarsa wasa 22. Koci ya san abin da jarida ba ta gani.

Su biyar ne daga Kaiserslautern a filin ranar: Fritz Walter da ƙanensa Ottmar, Horst Eckel, Werner Liebrich da Kohlmeyer. Kusan rabin ƙungiyar ke nan daga gari guda, garin da ba ya cikin manyan biranen Jamus.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne bayan wasa. Waɗannan mutane ba 'yan wasan da ƙwallo kaɗai ce sana'arsu ba ne irin na yau. Gasar Bundesliga sai a 1963 aka kafa ta. A lokacin wasan Bern dokar hukumar ƙwallon Jamus ta ƙayyade albashin ɗan wasa kada ya wuce mark 320 (kuɗin Jamus na lokacin) a wata, kuma dole ya kasance yana da wata sana'a. Kohlmeyer ma'aikacin lissafin albashi ne. Wato ƙasar da ta fito daga yaƙi shekara tara kacal, wadda aka hana ta shiga gasar 1950, ta samu abin ɗaga kai ta hanyar ƙafafun mutanen da ba a yarda su ci moriyar ƙwallo sosai ba. Jamusawa suna kiran wasan "abin al'ajabi na Bern", wasu masana tarihinsu ma suna ɗaukar ranar a matsayin ranar da Jamus ta Yamma ta fara jin kanta ƙasa. Idan har wasan ya kai wannan daraja, to bashin da ake bin ƙasar ya wuce tafi da liyafar tarba.

Bayan ya bar Kaiserslautern ya ɗan buga wa ƙananan ƙungiyoyi a yankin Saar, daga nan rayuwa ta juya masa baya. Giya ta kama shi, aurensa ya mutu, aiki ya tafi, ya koma leburanci a wurin gini. A ƙarshe ya samu aikin tsaron ƙofa a wani kamfanin buga jarida a birnin Mainz. Tsaron ƙofa sana'a ce ta halal, ba abin kunya a cikinta, kuma ban kawo ta don in raina ta ba. Na kawo ta ne saboda wurin: gidan jarida, inda ake buga labarin ƙwallo kullum, mutumin da ya hana Hangari ɗaukar kofin duniya yana buɗe wa masu rubuta labarin ƙofa.

A nan dole in yi adalci. Ba hukumar ƙwallo ce ta sa masa kwalba a hannu ba, kuma abokan wasansa da dama sun yi rayuwa mai rufin asiri da irin abin da ya samu. Eckel ya zama malamin makaranta, Fritz Walter ya rayu cikin girma har 2002. Mutum yana da nasa kason a abin da ya same shi. Amma wannan hujja ba ta wanke kowa ba, domin ana auna tsari ne da abin da ya yi wa wanda ya faɗi, tunda wanda ke tsaye ba ya neman a ɗaga shi. Suna ya sauko wa ma'aikacin ofis ɗan shekara talatin dare ɗaya, kowa yana son ya zauna da shi ya saya masa abin sha, sannan bayan shekara ɗaya wasansa da ƙasa ya ƙare, ba wanda ya shirya shi don wannan hawa ko wannan sauka. Gidauniyar Sepp Herberger, wadda cikin ayyukanta akwai taimakon 'yan ƙwallon da suka shiga wani hali, sai a 1977 aka kafa ta.

Yau akwai mutum-mutumin su biyar ɗin a gaban filin Kaiserslautern a kan tudun Betzenberg, Kohlmeyer yana tsaye tare da sauran. Ya rasu a Mainz ranar 26 ga Maris 1974 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 49, shi ne na farko da ya rasu cikin sha ɗayan da suka buga wasan Bern. Bayan wata uku da 'yan kwanaki, a birnin Munich, Jamus ta Yamma ta ɗauki kofin duniya karo na biyu.