Mawaƙi da Zaluncin Ƙaramin Gari

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

A shekarar 1915 wani lauya ɗan Amurka, Edgar Lee Masters, ya fitar da kundin waƙoƙi sama da 200 a kan wani ƙaramin gari na ƙirƙira a jihar Illinois. Duk masu magana a ciki matattu ne, kowa daga kabarinsa yake faɗin abin da bai faɗa ba yana raye. Mai banki ya rusa dukiyar jama'a, aka ɗaure ma'ajinsa shi kuwa ya tsira. Editan jarida ya sayar da alƙalaminsa. An keta haddin wata yarinya, gari kuma bai fasa yi mata dariya ba.

Me ya sa mawaƙa ke yawan komawa ƙaramin gari idan za su yi maganar zalunci? Saboda a can azzalumi ba baƙo ba ne. Wanda ya cinye gadon maraya kawun wani ne, surukin wani ne, kuma a sahun gaba yake wurin ibada. Kowa ya san abin da ya faru, kowa kuma yana da dalilin yin shiru. Sai a ce a bar kaza cikin gashinta. A laƙaba wa tsoro sunan kunya, a laƙaba wa haɗin baki sunan rufin asiri, marayan kuwa ya girma yana gaishe da wanda ya cuce shi.

Wannan cuta Manzon Allah (SAW) ya kira sunanta. Lokacin da wata mata daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata sassauci, sai Annabi ya yi huɗuba ya ce abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne, idan babba ya yi sata su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Bukhari da Muslim suka ruwaito.

To ina matsayin mawaƙin da ya buɗe baki? Mutane da yawa sun haddace ayar Suratush Shu'ara'i ta 224, cewa mawaƙa ɓatattu ne ke bin su, sai su tsaya a nan. Don Allah ku ƙarasa zuwa aya ta 227. Allah ya togace waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambatonsa, suka kuma rama bayan an zalunce su. A cikin surar ne ma Annabi Shu'aibu yake cewa mutanensa su cika mudu, kada su tauye wa mutane kayansu. Hassanu ɗan Sabit ma da baiti ya kare Annabi, da izininsa.

Amma izinin yana da iyaka, kuma a nan ne masu alƙalami da yawa ke zamewa. Suratun Nisa'i aya ta 148 ta buɗe ƙofar bayyana mummunar magana ga wanda aka zalunta ne, ba ga mai neman tafi ba. Baitin da aka gina a kan jita-jita ƙazafi ne ko da ƙafiyarsa ta zauna daram. Wanda kuma ya tona zunubin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa, zunubin da bai cuci kowa ba, naman ɗan uwansa ya ci. A ƙaramin gari ma abin ya fi muni, don ko ba a ambaci suna ba kowa ya gane gidan, kuma 'ya'yan gidan ne za su sha gorin.

Kai kuma mai haƙƙin wani a wuyanka, kada ka jira mawaƙi ya tona ka. Annabi (SAW) ya ce wanda ya zalunci ɗan uwansa a mutuncinsa ko wani abu, ya nemi warwarewa yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, ranar da za a ɗebi ladansa a biya, in ba shi da lada a ɗora masa zunubin wanda ya zalunta.

Allah ka tsare mu da cin haƙƙin bayinka.