Yadda Manhaja Ta Yi Wa Alhaji Odar Azumi Bayan Sallah

Sana'ata bin shaguna ce. Wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano nake wa aiki, sukari da madarar gari da taliya, kuma rabona ya faɗo a layukan Kasuwar Singa. Da can littafi da biro ne makamanmu. Yanzu an raba mana wayoyi da manhaja a ciki, wadda aka ce tana da ƙirƙirarriyar basira. Mu 'yan talla Kishiya muke ce mata, don ko fura ka tsaya sha sai Oga ya ji labari.

Kafin ta yarda ka je shago, sai ka danna "na iso", ita kuma ta duba GPS ta ga ko kana cikin mita 50 daga inda aka yi wa shagon rajista. Sannan ka ɗauki hoton kantar shagon, ka ƙirga kayan da suka rage, ka shigar da oda, ka shigar da kuɗin da aka biya tare da hoton shaida, ka tura. Haka sau 25 a rana. Rufin kwanon kasuwa kuwa da GPS ba sa ga maciji. Kana tsaye a gaban mai shago kuna gaisawa, waya tana rantsuwa kana can cikin Fagge. Sai ka fito fili ka ɗaga ta sama kamar mai duban wata, har ta dawo hayyacinta.

Basirar tata tana wurin oda. Takan duba abin da shago ya saya a makonni huɗu da suka wuce, ta duba abin da ya saya a irin wannan makon bara, sai ta cike maka gurabe da kanta. In ba ka yarda ba, kai za ka goge. A ranakun da babu wani abu, gaskiya tana dacewa, har takan tuna maka kayan da ka manta.

Ƙaramar Sallar 2025 ta faɗo Lahadi, 30 ga Maris. Laraba 2 ga Afrilu na koma aiki, cikina cike da ragowar cincin. Na isa shagon wani Alhaji, babban kwastomana, ya ce, "Malam, kasuwa ta kwanta. Sa min sukari buhu huɗu kawai, kuma ga cikon kuɗinku na tura." Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." Na ga Kishiya ta rubuta buhu 40, na yi mata tsaki, na mayar 4, na ɗauki hoton alat ɗinsa, na danna turawa, na wuce ina jin kaina gwani.

Abin da ban yi ba shi ne jan allon zuwa ƙasa. A can ƙasa ta zauna da madara katan 60 da taliya katan 120. Kuma ba hauka ta yi ba, shaidu biyu gare ta. Makonni huɗun baya kusan duk azumi ne. Bara kuwa an ɗauki azumi 11 ga Maris, ke nan 2 ga Afrilun 2024 ta yi daidai da 23 ga Ramadan, cikin goman ƙarshe, lokacin da ake wawason kayan Sallah. Ita kalandar bature take bi. Ba wanda ya gaya mata shekarar wata kwana 354 ce, azumi yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara.

Ba a nan ta tsaya ba. Oda rubutu ne tsura, ko sabis ya yi rauni tana wucewa. Biyan kuɗi kuwa da hoto yake tafiya, ya fi nauyi, sai ya maƙale a layi cikin wayata. A ofis ke nan Alhaji bai biya ba. Ƙarfe takwas na dare na'ura takan aika saƙo ga duk wanda bashinsa ya haura kwana 14. Alhaji ya sallame Isha'i ya tarar da saƙo, ba sallama, ba gaisuwa, da sunansa gatsal kamar ɗan aji uku, wai ya gaggauta biya.

Washegari tun kafin in karya ya kira. "Malam, zo." Kalma biyu, ya kashe.

Na tarar da mota ta toshe layi, 'yan dako sun sauke rabi, maƙwabta sun fito kallo. Katan 120 na taliya leda 2,400 ne, ba abin da za a ɓoye a bayan kanta ba ne. Alhaji ya dube ni daga hula zuwa takalmi ya ce, "An sake ganin wata ne? Ko Sarkin Musulmi ya yi sanarwa ni kaɗai ban ji ba?" Na ce, "Allah ya huci zuciyar Alhaji, na'ura ce." Ya ce, "To kira ta, ta zo ta kwashe. In ta zo kuma ta nuna min bashin da take bi na."

Soke oda bayan an buga takardar kaya ba a waya ake yi ba. Sai fam ɗin mayar da kaya, sai sa hannun Oga, sai mai sito ya sake ƙirga komai katan-katan. 'Yan dako kuwa ba ruwansu da basira: kuɗin saukewa daban, na lodawa daban, duka daga aljihuna. Ina cikin biyansu sabis ya dawo, hoton alat ya wuce, na'ura ta aika wa Alhaji saƙon godiya.

A taron Litinin aka haska allo, sai ga sunana a sama, gwarzon mako, domin kayan da aka mayar ba sa fita daga lissafi sai ƙarshen wata. Aka tafa min. Na karɓi tafin, tunda kamashon dai za a zare shi. Da Oga ya tambayi ra'ayinmu kan manhajar, abu ɗaya kowa ya faɗa: lissafin bashi ta iya shi, rigimar "na biya, ba ka biya ba" ta ragu, amma a daina cike mana oda, a bar ta a gefe mu gani mu zaɓa, kuma kada saƙo ya tafi wa kwastoma sai ɗan talla ya amince. Oga ya ce, "Za a duba." Na ce, "Yallaɓai, a duba kafin babbar Sallah."

Alhaji ya haƙura, amma da sharaɗi. Yanzu in na gama shigar da oda, hannu yake miƙo min. Ya sa tabarau, ya ja allon da babban yatsa har ƙasa, ya sake ja don tabbatarwa, sannan shi da kansa ya danna turawa.